Lugude a Tashar Baure

A tashar motocin Baure da ke Daura, Malam Zailani yana jiran mota ta cika, idonsa na kan wata dattijuwa da ke zaune bisa buhun gero. Shuɗin mayafinta ya koɗe, lallen hannunta ya soma gogewa. A hannunta akwai 'yar na'urar wasa, irin wadda ake danna maɓalli daidai da bugun kiɗa, in ka kuskure ka faɗi.

Manyan yatsunta suna sauka bi da bi, kafaɗunta na rausaya. Malam Zailani ya san wannan rausayar. Haka matan gidansu suke lugude da hantsi, kafin injin niƙa ya shigo unguwa. Wataƙila na'urar ta jikanta ce ta ara, wataƙila gida ne ya yi mata shiru.

"Inna, ke kaɗai muke jira!" in ji direba.

"Ɗan nan, a garinku ana barin daka a tsakiya? Sau tara waƙar nan tana kayar da ni. Yau sai na ga ƙarshenta."

Kiɗa ya ɗau zafi, saura ƙiris. Sai kawai ta saki na'urar a cinya, ta tafa sau biyu, kamar wadda ta cilla taɓarya sama. Na'urar ta yi kukan faɗuwa.

Ta dubi tafukanta, ta yi dariya har da ƙwalla.

"Daidai nan yayata Rahmatu take cafe mini taɓarya," ta ce. "Allah ya jiƙanta."