Rabin Sallamar Kakana

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in faɗi abin da ba haka yake ba, in ɗora wa mamaci magana. Amma bazara ta kusa, lokaci ya ƙure mini.

Ina aiki a wani filin gyaran jiragen ruwa a Staten Island, ba nisa da Tompkinsville. Da lokacin kaka aka fito da wani tsohon jirgin katako, irin mai doguwar sanda da ake ɗaura wa zane iska ta tura shi. An ce ya ƙetare teku, sannan mai shi ya ɗaure shi ya manta. Da injin ɗaga kaya ya ɗaga shi, ruwa na tsiyaya, cikinsa duk gansakuka da ƙananan katantanwa, sai wani wari ya buge ni, warin jiƙaƙƙen itace da laka. Ban san sanda na dafa shi na ce, "Sannu da hanya" ba.

Abokin aikina, mutumin Kumasi, ya tuntsire da dariya. "Kai, ɗan'uwa, katako kake gaisarwa? To, in ya amsa ka kira ni."

Ni kuwa na riga na koma ƙauyenmu na bakin kogin Kwara, kusa da Gaya. Idan ruwa ya cika, kakana kan tafi fataucin kifi a kwalekwale, sai ruwa ya ja baya, tsibirai sun fito da bayansu, sannan mu gan shi. Ba ya gaida kowa sai an jawo kwalekwalen inuwar giginya ya shafa hancinsa, ya yi masa sannu da hanya.

"Malam, mu da muka yi ta jira, itace ya fi mu ke nan?" in ji kakata.

"Shi ya goyo ni, ba ke ba."

Daga nan sai kankara da ƙwanƙwasa. Yana cusa tsumma a tsaga, yana bi da kwalta mai zafi, hayaƙi na kwanciya a kan ruwa kamar ba ya son tashi. Ya gama, sai ya nutsar da shi ya kwana biyu ya sha ruwa, katako ya kumbura ya rufe bakinsa. Ranar da za a tura shi ya kama hanya, yakan sunkuya ya yi masa magana biyu. Ta fari ina riƙe da ita: "Je ka da nauyinmu." Ta biyu, daidai nan masu turawa ke kabbara, ban taɓa jin ta sosai ba. Na ɗauka zan tambaya wata rana.

Duk hunturun nan ina kankare wannan jirgi a cikin rumfa, ƙanƙara na zuba a waje. Wata ta saye shi, ta ce da bazara za a mayar da shi ruwa. Na tambayi limaminmu ko gaida jirgi ya halatta. Ya yi murmushi, ya ce in yi addu'ar shiga jirgi, sauran kuma ladabi ne. Na kira gida. Ƙanwata ta ce yanzu duk inji ake sa wa, ba mai yi wa kwalekwale magana. Ɗiyata ta ce in ƙirƙiro tawa mana. Ba zan iya ba. Kuma ba na son in sallami jirgi da rabin magana, in ce masa ya tafi ban ce masa komai game da dawowa ba.

Don Allah, duk wanda ya tashi a bakin Kwara, ko yake da tsohon da ya riƙe gorar tuƙa kwalekwale, ya tambayar mini. Bayan "Je ka da nauyinmu", me ake cewa?