Ranar da Muka Daki Duwatsun Iyaka a Ingila

Ana idar da sallar asuba muka bar masauki a Guangzhou, ni da wani Bature abokin cinikina mai duba mini injinan niƙa kafin a loda su a tashar jirgin ruwa ta Huangpu. Ya daɗe yana damuna in je in ga ƙauyensu. Shekara guda ke nan da mayar wa Sin Hong Kong, ta can kuma za mu hau jirgin Landan. A tashar jirgin ƙasa ta Tianhe na nemi kujerar taga, mai tikiti ta ce "mei yo", wato babu, ko kallona ba ta yi ba. Ban damu ba, murna ta cika ni.

Abu ɗaya ne ke sukata. Saƙo ya zo daga gida cewa maƙwabcinmu ya fara cusa garma cikin gonarmu ta gado, kuma Baffa, ƙanin mahaifina, shi kaɗai ya rage da ya san iyakarta, ga jiki ya yi rauni. Na aika musu cewa sai bayan kaka zan zo, kamar yadda na faɗa bara.

Daga Landan muka shiga jirgin ƙasa, sannan wata 'yar bas mai zuwa ƙauyen sau biyu a rana. Kofin shayi ɗaya a tasha ya ci kuɗin da zan ƙoshi da shinkafa da kaza a Guangzhou, kuma shayin salam. Hanya matsattsiya ce, shinge hagu da dama ya fi mutum tsawo. Muna gangarowa sai ga ƙauyen a cikin kwari: rafi, gada, kanti ɗaya, tumaki masu ƙiba kamar an hura su, da cocin dutse a tsakiya. Wallahi na yi ta washe baki kamar baƙauye ya shigo Kano.

Mahaifiyar abokina, tsohuwa mai sanda da saurin baki, ita ta zaga da ni. Ta ce su ba dagaci gare su ba, ƙasar da ke kewaye da coci ita ce gundumarsu, daga rafi zuwa tudu. A bangon cocin akwai allo mai jerin sunayen limamansu na ɗaruruwan shekaru. Ta nuna mini wasu tudunni a makiyaya, ta ce can garin yake da farko, annoba ta cinye mutane, waɗanda suka rage suka sauko bakin ruwa. Da rana aka ba ni dankali da kifi, babu ko ɗigon yaji.

Washegari aka yi abin da ya kawo mu. Duk garin ya fito, kowa da tsumagiya, limamin coci a gaba. Aka kama zagaya iyakar gunduma a ƙafa, cikin yayyafi da caɓi. Duk inda aka iske dutsen iyaka sai a taru a yi ta zabga masa tsumagiya ana ihu. Wai tun kafin a san taswira suke haka, don kada a manta. A dutse na biyu aka ce baƙo ake ɗagawa. Kafin in ce uffan ƙarti huɗu sun kifa ni, sun ɗan gwara kaina a dutsen, hulata ta faɗa cikin laka. Na yi dariya har da hawaye.

A bayan tudu aka nemi dutse aka rasa, ƙaya ta rufe wurin. Masu taswira suka yi ta gardama. Tsohuwar nan ta ratsa su, ta caka sandarta cikin ƙayar, sai muka ji ƙwas. Ta dube ni ta ce, "Nan babana ya gwara kaina ina yarinya. Takarda ba ta jin zafi, shi ya sa take mantuwa."

Nan murnata ta koma tsoro. Ni ban taɓa taka iyakar gonarmu ba ko sau ɗaya. Ina isa Landan na canza tikiti, na bar injina suna jira a Huangpu, na nufi Kano.

Kwana uku bayan haka muka ɗora Baffa a amalanke, mai unguwa da maƙwabcin suna biye. Ya nuna tsamiya a yamma, suri a kudu, kututturen aduwa a arewa, kowanne ba tare da ya yi tunani ba. Ina ta kafa duwatsu, raina fes. Da muka kai gabas, inda garmar ta shiga, sai ya sa aka tsaya. Ya duba nan, ya duba can, ya daɗe, alamar ta ɓace masa.

Abin da tafiyar ta koya mini ke nan: iyaka a cikin kan mutum take, kuma mutum ba ya jiran a gama lodi. Gefen gabas ya tafi, babu shaidar da zan kawo. Baffa ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan nan, da bara ka zo, ido rufe zan kai ka."