Kwalbar da Na Kai Jugu

A shekarun da ƙasarmu take amsa sunan Dahome, ba a daɗe da tafiyar Faransawa ba, ina tuƙa kamiyon, wato babbar motar kaya, na wani dillalin shanu a Paraku. Matata tana Jugu gidan iyayenta, goyon cikin fari. Wata safiya ta damina yayanta, mahauci ne, ya same ni a unguwar Albarika ina wanke mota. Ko zama bai yi ba.

"Ta sauka," ya ce. "Mace ce, amma bakwaini. Tana asibiti."

Ɗan fari ba a nuna ɗoki a kansa, balle a gaban dangin mata, don haka na ci gaba da goge gilashi.

Ya ce ungozomar asibitin ta gaya musu jaririyar ba ta riƙe ɗumin jiki. Wani asibiti a ƙasar Turawa ya sayi sababbin kaya, ya aiko da tsofaffin kyauta, cikinsu har da kwalba, akwatin gilashin nan da ake sa bakwaini. Kayan sun iso Paraku a jirgin ƙasa tun tuni, suna jibge a tasha, an rasa motar da za ta ƙarasa da su.

Na je wurin maigidana. A ranar ya kamata in ɗauki shanu. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Shanu za su kwana. Tafi."

A tashar, ma'aikacin sito ya nuna mana akwatuna da yawa, ƙura ta rufe su. Akwai gadaje, akwai fitilar tiyata, akwai abin da shi kansa bai san sunansa ba. Ya leƙa bayan kamiyon, ya ga kashin shanu, ya ɓata fuska.

"A nan za ku sa kayan likita?"

"Ranka ya daɗe, yarinya ce ke jira," in ji yayan matata.

Ma'aikacin ya nuna mana akwatin kwalbar, ya ce gilashi ne a ciki, in ya fashe babu wani a duk arewacin ƙasar. Muka shimfiɗa ciyawa da buhunan wofi, muka ɗaure akwatin da igiyar shanu. Yaya ya hau baya ya rungume shi.

Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba. Hanyar jar ƙasa ce, ruwa ya cinye ta. In na taka mota, sai in ji Yaya yana dukan rufin da tafin hannu: "A hankali! Za ka fasa!" In na rage gudu, sai zuciyata ta tafi wurin yarinyar da ban ma gani ba, tana sanyi. Kowane rami na faɗa, sai in kasa kunne ko zan ji ƙarar gilashi.

Kusa da Partago muka tarar ruwa ya haye wata ƙaramar gada. Motoci sun tsaya, direbobi suna zaune a gindin bishiya. Wani dattijo a cikinsu ya ce mini, "Ɗana, jira ya janye. Jiya ya tafi da jaki."

Yaya ya sauko, ya naɗe wando, ya karɓi sandar wani Bafillace, ya shiga ruwan yana laluben bakin gadar. Ruwa ya kai masa cinya. Ya juyo ya yafito ni. Na bi bayansa da giyar farko, ina karanta duk addu'ar da na sani. A tsakiya tayar baya ta zame, motar ta karkata, na ji akwatin ya ja ya bugi katako. Ban tsaya ba, domin in na tsaya injin zai sha ruwa. Da muka haye, babu wanda ya yi maganar buɗe akwatin. Tsoro muke ji.

Bayan la'asar muka shiga Jugu. Ungozomar, wata doguwar mata mai furfura, ta sa aka ɓalle katakon a gabanta. Gilashin ya tsage a gefe guda, amma bai rabu ba. Ta shafa tsagar da yatsa, ta liƙe ta da filasta.

Sai ga wata matsalar. Injin wutar asibitin ba ya wuni a kunne, man ba ya isa. Na zuƙo na kamiyon da tiyo na ba su, washegari mahautan kasuwa suka kawo ƙari. Duk lokacin da aka kashe injin ya huta, sai a mayar da yarinyar ƙirjin uwarta a lulluɓe.

Ba ita kaɗai aka sa a kwalbar ba. Akwai ɗan wata mata daga Seru, wanda bai kai ta girma ba, aka kwantar da su tare. Na tsaya a bakin taga ina leƙe, ban iya tantance wace ce tawa ba, kunya kuma ta hana ni tambaya, sai da surukata ta nuna mini da haɓa.

Yaron Seru bai kai suna ba. Ni na kai iyayensa gida da gawar. Tamu ta rayu, ta daɗe tana ƙarama, ba ta yi tafiya da wuri ba. Sauran akwatunan kuwa sai da rani na kwaso su, kaɗan-kaɗan, duk lokacin da na je Jugu ɗaukar shanu.