Shamuwar Tsakiyar Ɗari

Baba Hussaini na Bungudu bai taɓa rataye kalanda a ɗakinsa ba, tsuntsaye ke gaya masa lokaci. Manomi ne, ya haura saba'in. In ka tambaye shi inda za ka ga kirinjijiya da sanyi, zai tura ka bakin dam ɗin Gusau da sassafe. Shirwa kuwa, ka tsaya kusa da mahautar Tsafe ka ɗaga kai. Amma maganar da unguwa ke jira daga bakinsa guda ce: ranar da shamuwa ta sauka kan tsamiyar masallaci, shi ke cewa a fito da iri, ruwa ya kusa. Ba mai shuka sai ya faɗa.

Bana, ana tsakiyar ɗari, maza na bugun tubali a bakin kududdufi, sai Baba ya ga shamuwa kan tsamiyar. Guda ɗaya tak.

Ya ƙirga watanni da yatsu har sau biyu, saura huɗu damina. Ya tambayi liman ko an yi kuskuren ganin wata, liman ya ce wata yana inda yake. Sabiru, maƙwabcinsa, wanda ya shanya tubalin sabon ɗaki, ya zo ya durƙusa.

"Baba, mi za mu yi? Mu ci gaba ko mu rufe?"

"Jikina na cewa rani, ita tana cewa ruwa," in ji Baba. "Ita kuwa ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Ku rufe."

Aka dakatar da aiki. Aka lulluɓe tubali da zana da leda, mata suka kwashe shanyar kuɓewa da barkono. Mako uku kowa na kallon gabas, sama fes. Kududdufin da ake kwaɓa ƙasa da ruwansa ya ja baya har ya ƙafe.

Inna Saude, matarsa, ita ta warware zancen, tana tankaɗe ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce tun kaka tsuntsuwar ke bayan gidansu da karyayyen fiffike, ita ke watsa mata fara, sai yanzu ta iya hawa bishiya. Ya ce don me ba ta faɗa ba, ta ce wa ya tambaye ta?

"Ba zuwa tay yi ba, Malam. Tafiya ce ba ta yi ba."

Sabiru ya ce a kore ta. Dattawa suka ce ba a jifar shamuwa, ba a taɓa yi ba. Yanzu da jaki Sabiru yake ɗebo ruwan kwaɓi daga gulbi, in ya wuce ƙofar Baba sai ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi yaya hadari.

Abin da ya fi ɗaure wa Baba kai shi ne: in tana nan kullum, ta yaya zai san ta zo? Sabiru dai ya ce shi bana sai ya tona ƙasa ya ji laima zai yi shuka, mutum uku suka bi bayansa. Baba bai musa ba. Ya koma gida ya roƙi Inna Saude ta ɗaura wa tsuntsuwar jan ƙyalle a ƙafa, don ya bambanta ta da masu zuwa. Ta ce tsamiyar ba a kulle take ba, ya hau ya ɗaura.