Dambun Saude da Masu Cewa a Ajiye Musu

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Saude a Gusau, saboda haka abin da zan faɗa a kanta ba a bakin wani na ji ba. Mace ce mai kyauta, ga tsafta, ga son mutane. Amma in kana so ka ɓata mata yini, ambaci sunan Marta.

A Furfuri aka haife ta. Mahaifiyarta, Inna Yelwa, ita ke yi wa mutanen Bungudu dambun nama in biki ya tashi ko wani zai tafi aikin Hajji. Saude ta fara dakan nama tun taɓarya ta fi ta tsawo. Marta kuwa 'yar Malam Audu ce, malamin gona da aka turo daga kudancin Kaduna ya kama haya kusa da su. In an tashi daga coci sai ta faɗo gidan Inna ta zauna kallo, har Inna ta fara miƙa mata ludayi. Inna ba ta iya yabo ba. Sau ɗaya ta taɓa cewa Marta ta san lokacin sauke tukunya, Saude kuwa ko wannan ba ta samu ba. Har yau da 'ya'yanta suka kai sakandare, abin da take nema a duniya ke nan: Inna ta buɗi baki ta ce ita ta gaje ta.

Aure ya kawo su Gusau su biyun. Marta ta buɗe shago a intanet, tana aika dambu Abuja da Legas ta tasha, kuma abin ya karɓe ta. Ranar da ta zo unguwarmu a sabuwar mota, ni kaina da ba sana'armu ɗaya ba sai da abin ya tsone mini ido. Saude kuwa sai ta sayar da tumakinta, ta sa wani kamfani a Kaduna ya gina mata nata shafin.

Sharaɗi biyu ta kafa musu. A shafin Marta, kafin ka sayi komai sai ka danna wani wuri ka tabbatar kai mutum ne, wani lokaci har a sa ka zaɓi hotunan motoci. Saude ta ce wannan wulaƙanci ne, ba a shafinta ba. Ta kuma sa aka yi mata maɓallin "ajiye mini", ba kuɗi, ba wa'adi. Haka ake yi a Furfuri: in mace ta leƙo ta ce a ajiye mata, magana ta ƙare, Inna ba za ta sayar wa kowa ba ko da zai ninka farashi. Mutanen kamfanin sun yi ta ba ta haƙuri, ta ce ai shagonta ne.

Ba a jima ba waya ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Duk robar dambun da ta ɗora a shafin, kafin ta wanke hannu an ce a ajiye. Saude ta riƙa leƙowa ta katanga tana nuna mini, tana tambaya ko Marta ta taɓa ganin cincirindo irin wannan. Ta ƙara sayen nama, ta ƙara soyawa, tana jera robobi a ɗaki. Sai dai ko mutum ɗaya bai biya ba, kuma lambobin wayarsu ba sa shiga.

Marta ce ta lura kullum shafin ƙawarta yana cewa kaya sun ƙare. Ta zo da kanta, ina zaune.

"Saude, waɗanga ba mutane ba ne," in ji ta. "Manhaja ce miyagu ka saki, bot aka ce musu. Suna bin shaguna suna kame kaya, mai saye na gaskiya ya zo ya iske babu. Ni ma sun yi min. Ki sa a yi miki ƙohwa mai tantancewa, kuma wanda bai biya ba a saki kayan."

Saude ta dube ta sama da ƙasa. "Baƙo shi zo da sallama, in ce mai sai ya rantse shi mutum na? Ke dai kin ga kasuwa ta buɗe min."

Marta ta ɗauki jakarta ta ce a gaida Inna. Na so in sa baki, amma na san Saude: ko ruwa Marta ta ce ta sha, da ƙishirwa za ta kwana.

Ana haka matar Yazid, ƙanin Saude, ta haihu a Tsafe. Ya bugo ya ce a haɗa masa dambun da za a raba wa baƙi ranar suna.

"Ka yi haƙuri, Yazid, duk an kama," ta ce masa. "Amana ce. Kuma ba ni da lokacin soya wani."

Alhali a ɗakinta robobi sun kusa taɓa rufi, na ƙasa har man ya fara wari. Yazid bai ja magana ba. Ya shiga shafin Marta, ya zaɓi hotunan motocin, ya biya, aka aika masa. Matarsa ta juye a kwanonin gida don kada Saude ta ga tambari, amma da muka iso ranar suna ni da Saude sai ta kasa riƙewa, ta faɗa mata tun a ƙofa.

An ɗauko Inna daga Furfuri, tana zaune a tabarma tsakiyar mata. Aka ajiye mata kwano. Ta ɗebi kaɗan ta murza a yatsa, ta shinshina, ta kai baki. Ta daɗe tana taunawa. Can ta ɗaga kai tana neman Saude.

"Zo nan, ɗiyata," ta ce da ƙarfi, kowa na ji. "Yau kam na yarda. Hannuna na wanga, ba ragi. Kin gaje ni, Saude."

Wata ta rangaɗa guɗa. Saude ta durƙusa gaban uwarta tana murmushi. Na tausaya mata har cikin raina. Yabon da ta girma tana jira ya zo a gaban jama'a, kuma ta san ba nata ba ne.

Da za mu tafi, Inna ta ƙulla ragowar a leda ta miƙa mata.

"Ungo, kai ma Marta ta ɗanɗana, ta ji yadda aka yi nai."

Saude ta sa hannu biyu ta karɓa.