Tagar da Umma Ta Kankare

Har yau in na jiƙa bula zan sa wa fararen kaya, tagar kicin ɗin Teta ce ke faɗo mini. Teta tsohuwar Bamisriya ce da muke haya a benenta a unguwar Hadayik Ma'adi ta Alƙahira, lokacin Abba yana karatu. Shekarata tara, a 2013. Gilashin tagar an shafe shi da shuɗi mai duhu, ko da tsakar rana sai ta kunna fitila take girki.

Umma kuwa, kun san ta da tsafta, ba ta iya ganin datti ta kau da kai. Jajiberin Sallah mura ta kwantar da Teta, Umma ta shiga gyara mata gida, ta sa wuƙa ta kankare rabin shuɗin nan tas. Teta ta fito ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ma'alish," wato ba komai, ta koma ɗaki. Kwana uku ba ta leƙo mu ba. Umma duk ta rasa sukuni, don ba mu da kowa a Alƙahira sai ita.

Rana ta huɗu ta ƙwanƙwasa mana ƙofa. "Yalla, ku sa takalma."

Gidan tarihin yaƙi ta kai mu. Ta wuce tankoki ko kallo babu, ta tsaya gaban hotunan garinsu na bakin teku, gidaje a rushe. Kusa da su ga buhunan yashi, ga tsohon rediyo, ga taga shuɗiya irin tata.

"Da jirage suka fara sako mana bama-bamai, ina kamar ke," ta ce mini. "A ƙarƙashin gurasa nake ɓoye takardun 'yan gwagwarmaya, in wuce sojoji ina waƙa."

Da gidansu ya rushe suka gudo Alƙahira. Da yaƙi ya sake tashi, mahaifinta ya shafe tagar kicin ɗin da shuɗi da hannunsa, kada matuƙa jirage su hango haske.

Umma ta fashe da kuka. "Teta, ki yafe mini, zan mayar da shi."

"Da hannun wa?" Sai ta yi dariya. "Bar shi, 'yata. Shekara arba'in ina yanka albasa a duhu, sai jiya na ga launin miyata."

Teta ta rasu bayan mun dawo gida, Allah Ya ji ƙanta. An ce an sayar da benen, an sa sababbin tagogi, masu hayar yanzu ba su san komai ba. Ina kewarta, amma tagar ba ta dame ni ba. Rabin da ya rage ita da kanta ta kankare shi kafin mu taso, ni na riƙe mata kujera.