Faranti Mai Tsaga

Ina aji shida kumburi ya fito wa Inna a wuya. Daga Gagarawa muka hau mota zuwa Gumel, inda Kawu, ƙanenta, yake aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti.

A shekarar akwai wani baƙon likita da ya zo bincike. Shi ba duba jini kawai yake yi ba, kiwonsa yake. Ya ɗebi na Inna, ya ware fararen ƙwayoyin da Kawu ya ce su ne masu cinye cuta. Zai raba su a farantan gilashi biyu, ya ajiye a akwati mai ɗumi kwana shida. In sun miƙe, jikinta na faɗa da cutar, sai mu koma gida da magani. In sun kwanta, sai babban asibiti a Kano.

"A kula da wankin farantan," in ji likitan. "Abin da ka ba ƙwayoyin nan shi suke zama. Ɗigon datti ma tayar da su yake."

Ina rakuɓe a bakin ƙofa lokacin da tataccen ruwan kwalba ya ƙare, bayan an wanke faranti ɗaya. Kawu ya waiga. Ya ɗebo na randa da moɗa, ya ɗauraye na biyun, mai 'yar tsaga a gefe.

"Ke 'yar boko, wannan ido fa?"

"Ba komai, Kawu."

Ran kwana na shida likitan ya bari na leƙa madubinsa na duba ƙwayoyi. A farantin farko ƙwayoyin na nan dunƙule, shiru, kamar zubabben gero. A mai tsagar kuwa sun baje, sun fiddo hannuwa, suna laluben juna.

Likitan ya sake leƙa farantan biyu, ya dubi Kawu.

"Iri ɗaya aka wanke su?"

"Iri ɗaya, likita," in ji Kawu.

Maganar ta zo mini har maƙogwaro. Amma yaya yarinya za ta ƙaryata kawunta a gaban baƙo? Na ƙura wa yatsun ƙafata ido.

Likitan ya ce wataƙila na farkon ne ya lalace. Ya ture shi gefe, ya rubuta magani, ya ce mu tafi gida.

A mota Inna ta gyara mayafinta. "Kin gani ko? Mun huta da zuwa Kano." Muryarta ta dushe fiye da ranar da muka zo.

Da motar ta faɗa rami, mayafin ya zame. Ƙasa da kumburin, wani ƙarami ya fito, kamar ƙwallon magarya.